Mola Lyonga Ya Mutu a Bayan Ƙofa

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, labarin rasuwarka ya sauko mana ƙauyenmu Bokwaongo, Mola Lyonga Efange, Mola wato kawu a harshenmu. Ka cika a kan Dutsen Fako, a jikin bukkar matafiya ta can sama, amma daga waje.

Ni Mokake, kai ka koya mini dakon kaya a dutsen nan. A hawana na farko, da muka fita daga kurmi muka shiga baƙaƙen duwatsu, gwiwoyina suka ƙi. Ka ɗauki kayana ka ɗora a kan naka, ka ce, "Wuce gaba, rago, kada kuma ka gaya wa kowa." Da muka zauna ka raba gwazanka biyu, ka tura mini babban.

Kwanon rufin bukkar nan a kanka ya hau dutsen, falle-falle, iska tana neman jefa ka rami. Ba ka taɓa sauka ba sai ka tara busasshen itace domin wanda zai zo bayanka. Kai ka riƙe Njie, ɗan ƙanwarka Etondi, tun yana rarrafe, kai kuma ka yi ta roƙon ƙungiyarmu ta masu dakon kaya har aka ba shi gadin bukkar.

Da ƙarfinka ya ragu, samari suka mai da kai abin dariya. "Mola, dutse ya gaji da kai, je ka taya matan gida ɓare gyaɗa." Sai ka yi murmushi kawai.

Ka ji cewa tari ya kama Njie, ka sayi magani ka kama hanya kai kaɗai, a tsakiyar damina. Ruwa da ƙanƙara suka tare ka a inda babu ko bishiya. Ka isa da azahar kana rawar sanyi, ka ƙwanƙwasa. Mai dafa wa baƙi abinci yana ciki, shi ya ba mu labarin. Njie ya buɗe ƙofa kaɗan ya ce, "Mola, akwai baƙi, suna cin abinci. Dubi jikinka, duk laka. Zauna a rumfar itace, in sun gama zan kira ka."

Ka miƙa masa maganin ka ce, "To, ɗana. Bayan abinci ake sha."

Ya karɓa ya rufe. Wuta tana ci a murhu, ana shan shayi ana hira, ya manta da kai. Da ruwa ya tsagaita baƙin suka fito, suka gan ka zaune ka haɗa kai da gwiwa. Suka ɗauka barci kake, har ɗayansu ya tsuguna kusa da kai aka yi masa hoto.

Mu muka sauko da kai washegari. A zaune ka sandare, sai da muka sha wahala kafin ka kwanta a makara. Njie ya zo wurin binnewa da sabuwar riga, tarinsa ya yi sauƙi.

Allah ya jiƙanka, Mola, ya gafarta maka, ya karɓe ka da rahama. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Iya Nalova, da 'ya'yanka Limunga da Ewune, da Etondi wadda har yau ba ta iya haɗa ido da matarka a bakin famfo. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Gafara kuwa, kai kaɗai na roƙa wa.