Takalmi a Ƙofar Ofishin Jam'iyya

Salmiah mai shayi a garin Ipoh ba ta san dattijon ba, amma ta gaji da ganin irinsa. Da ganin rigar silikin da ta yi masa yawa ka san tsohon ɗan majalisar jiha ne. Ga shi ƙofar ofishin jam'iyya, ya tuɓe takalmi ya jera kamar mai shirin shiga, yana ta murɗa makulli a banza.

"Baba, ɓangaren mataimakin shugaba sun canja kwaɗon," ta ce.

"Yaron nan? Ni fa na koya masa riƙe makirufo!"

"To, ya iya. Zo ka sha shayi."

Ya tsallako titi da safa kawai a ƙafarsa. Takalman kuwa ya bar su a ƙofar, wai don su san ya zo.