Kaka Mai Saƙa da Ƙurajen Sabon Angonta

Kakarmu tun ina rarrafe nake ganin kwarashi a hannunta. Da shi ta raini babanmu da ƙannensa bayan rasuwar mijinta. Hular sanyi, safa, rigar jarirai mai ƙulli biyu a wuya, duk jaririn layinmu da kayanta ya fara fita duniya. Ɗakinta kuwa kada ka shiga da gudu, zare zai harɗe ka. Tana saƙa tana hira, tana saƙa tana faɗa, na taɓa kama ta tana gyangyaɗi hannun bai tsaya ba.

Ni take kira mijinta, irin wasan kaka da jika, har ranar da Yayata ta haifi namiji ta zo gida da shi.

"Na sake ka, malalaci," in ji Kaka. "Ga ango mai tsabta na samu."

"A je a gani, tsohuwa. Wannan ko haƙori ba shi da shi. Kun dace."

Sai ta shiga yi wa ango hidima. Lokacin zafi ne, irin wanda fanka ke hura wuta, amma Kaka ta sa masa riga, ta ɗora wata, ga hula, ga safar hannu da ta ƙafa, ga shawul. In ka ɗauke shi kamar ka ɗauki filo, sai ka laluba kafin ka sami hanci. Yaya ta yi magana, Kaka ta ce jariri ba ya jin zafi, sanyi ne maƙiyinsa.

Wata safiya wurin wanka Yaya ta ƙwala kira. Wuyan yaron, bayansa da hammatarsa duk ƙananan ƙuraje ne jajaye, yana ta mutsu-mutsu yana kuka. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ƙyanda ce. Wata ta ce ƙazuwa. Yaya cikin hawaye ta tattara kayan ulun nan ta dire a ƙofar Kaka.

"Zarenki ne, Kaka. Kada a sake sa masa."

Kaka ta kwashe kayan ta shiga ɗaki. Ta soke kwarashin cikin dunƙulen zare, ta tura ƙarƙashin gado. Na tsokane ta, ko harara ban samu ba. A hanyar asibiti ne ta ce da ni a hankali, "In hannuna ne ya cuci yaron nan, na gama saƙa."

Nas ɗin da ta karɓe mu mace ce mai fara'a. Ta auna zafin jikinsa, ta duba bakinsa da idonsa, ta tambaya ko yana shan nono. Sannan ta ce, "Me yake sawa a gida?"

Na fara lissafi da yatsu. Kafin in kai shawul ta dafe tebur tana dariya.

"Iya, kin dafa angonki! Ƙurajen zafi ne. Gumi ne ya rasa hanyar fita. A bar shi da singileti ta auduga, a yi masa wanka, a tsane jikin sosai, ya sha iska. In zazzaɓi ya zo ko ƙurajen suka yi ruwa, ku dawo."

"To zaren nawa," in ji Kaka, muryarta can ƙasa, "ba shi da guba?"

"Guba kuma? Ɗana ma irin kayan nan yake sawa, amma sai sanyi ya shigo."

Kafin sati ya zagayo fata ta yi sumul. Ango na kwance kan tabarma daga shi sai kamfai, yana harbin iska. Yaya ta shigo ɗakin Kaka, ta durƙusa, ta jawo dunƙulen zaren da kanta ta ajiye mata a cinya.

"Ki yi haƙuri, Kaka. Tsoro ne."

"Tashi, ja'ira. Miƙo min angona."

Ta gwada ƙirjinsa da tafin hannu, ta ƙara yatsu uku saboda girman da zai yi kafin sanyi, ta zaro kwarashi.

"Riga nawa za ki yi masa?" na tambaya.

"Ɗaya," ta ce. Ta ja zare, hannun na tafiya. "Da hula. Kai kuma matsa, ka tare masa iska."