Aslaug, Kin Sauka Inda Kowa Ya Gani

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, 'yarki Ingunn ta kira ni da hantsi ta ce rai ya yi halinsa. Kin sha kofi, kin yi wa rediyo faɗa kamar kullum, kika kishingiɗa, shi ke nan. Aslaug Brenden, ƙawata tun ƙuruciya, na yi kuka, amma wallahi zuciyata a natse take, don kin samu abin da kika nema.

Yaran yanzu ba za su yarda ba. A zamaninmu, mace ba ta shiga gasar tsalle a tudun ƙanƙarar kwarinmu. Iyakarta share fage: ta sulalo a kan katakon sulɓi da ake ɗaurawa a ƙafa, ta tashi sama, ta dira, don maza su ga yadda ƙanƙarar take. Masu awo kuwa, waɗanda ke jere a gefen gangare, kowa a kan alamarsa, ba sa ɗaga wa mace hannu don nuna inda ta dira. Ke ba kofin gasa ya dame ki ba. So kike a faɗi inda kika sauka.

Ina tuna ranar da kika tsaya gaban shugaban masu awo, tsoho Halvdan.

"Kawu Halvdan, hannun naka daskarewa ya yi a aljihu?"

"Ke yarinya, ƙanƙara muka sa ki gwadawa, ba kanki ba."

"To ƙanƙarar ta ce a gaishe ka, ta fi ka adalci."

Da sanyi ya zagayo, sai kika tattara mu mata, mu da aikinmu dama kofi da soya waina, kika jera mu a ɗaya gefen gangaren, muna fuskantar maza. Ni kika ajiye can ƙasa, na ce miki ba ki da hankali, wa zai kai nan? Kai, ashe a gabana za ki dira! Na ɗaga hannu ina ihu, har hulata ta faɗi. Halvdan ya dube ni, ya dubi sawunki, a hankali ya zaro hannunsa ya ɗaga. Da shekara ta zagayo, sunanki na cikin 'yan gasa.

Kin ci gasar kwarin, kin kai ta lardi kin zo ta uku, kin karya ƙafa kin koma. Da gwiwa ta ƙi, kika koma koya wa 'yan mata. Wadda ba ta da katakon sulɓi, naki kike ba ta. Wadda tsoro ya kama a saman tudu, ke ce mai hawa ki zauna kusa da ita har ta yi niyya da kanta. Faɗa dai kina da shi, ban ɓoye ba.

Jiya da aka fito da ke daga coci, masu awo, maza da mata, suka jeru a hanyar makabarta ba wanda ya umarce su. Duk wanda akwatinki ya wuce ta gabansa sai ya ɗaga hannu. Ni na tsaya can ƙarshe, inda kika saba ajiye ni.

Allah ya ji ƙanki, ya yafe kurakuranki, ya sa kin huta. Ke kuma Ingunn, da ɗan'uwanki Torleif, da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Amin.