Kwamfutocin da hedimasta ya killace

Hedimastan makarantar su 'yata a Muciya ya buɗe mana kabad yana murmushi. Kwamfutocin hannu da wata gidauniya ta ba yara bara suna nan fil a leda, kamar kayan lefe.

Wakiliyar gidauniyar da ke tsaye tare da ni ta ce, "Malam, tunda ba a amfani da su, wata makarantar za mu kai."

Ya ce, "Hajiya, amana ce fa. Yaran nan ko benci ba su bari ba."

Na ce, "Ki ba mu zango ɗaya, in kin dawo ba za ki gane su ba."

Ta yi dariya ta yarda, aka fito wa yara da kwamfutocin. Yau 'yata ta dawo tana min bayanin taurari, wai har kwamfuta ɗaya ta tsage. Ban taɓa murna da ɓarna haka ba.

A makarantar yaranku, amfani ake yi ko ajiya?