Ankon Direbobin Citta

Jiya maƙwabciyata ta shanya citta a ƙofar gida, sai wata babbar mota ta wuce ta bar hayaƙin gas a kai. Na tsaya cak da bokiti a hannu, domin haka rigar Baba take ƙamshi duk ranar da ya dawo daga Legas.

Baba direba ne a wani kamfanin Turawa da ke sayen citta daga Kagoma da Zonkwa yana kaiwa bakin teku. A idona na yarinta, babu namijin da ya kai shi kyau idan ya diro daga motar nan. Mama takan yi kamar ba ta gan shi ba, tana ta tankaɗe, alhali tun safe ta shafa hoda. Ni kuma ina laɓe ina kallonsu, ina roƙon Allah ya ba ni irin wannan.

Amma aikin yana cin direbobin. Ba hutu, ba asibiti, taya ta fashe laifin direba ne. Wata damina abokin Baba ya yi gyangyaɗi a kan sitiyari ya faɗa rami. Kamfani ya aiko a kwashe buhuna, gawar kuwa 'yan coci suka ɗauko. Daga nan direbobi suka fara taruwa a gindin mangwaron gidanmu, har suka kafa ƙungiya a ɓoye, suka sa Baba a gaba.

Kun san halin mutanenmu: ba ma samun abin alheri mu kasa kai shi gaban bagaden coci. Da Lahadin godiyar amfanin gona ta matso, direbobin suka yanke anko, atamfa shuɗiya mai zanen tsuntsaye. Kakata ce kaɗai ta ɓata rai.

"Kai yaro," ta ce wa Baba, "abin da ka ɓoye ma Bature, shi ne za ka ɗinka masa riga?"

Baba ya yi dariya. "Haba Mama, gidan Allah ne fa. Wa zai kai tsegumi daga coci?"

"Allah ba ya kaiwa. Masu waya suna kaiwa."

Ranar Lahadin ban taɓa ganin abin da ya fi ta kyau ba. Suka shigo da rawa tun daga bakin ƙofa, da doya a ka, da akuya a igiya, zumuntar mata na buga tulu, Mama na rangaɗa guɗa. Fasto ya ɗaga hannu ya yabi Ubangiji domin sabuwar ƙungiyar direbobi. Wayoyi suka tashi sama ko'ina.

Ba a daɗe ba hoton ya isa ofishin manaja. Babu wanda ya ambaci ƙungiya. An dai ce wa direbobi an miƙa jigilar ga ɗan kwangila, mai son aiki ya nema a wurinsa. Ɗan kwangila ya ɗauki kowa, ban da masu shuɗiyar riga.

Baba ya kai kamfanin ƙara, ya yi ta zirga-zirga zuwa kotu a Kaduna, ana ɗaga shari'a, ana sake ɗagawa. Duk kamfanin da ya je, sai ya tarar fuskarsa ta riga shi isa. Ya koma acaɓa, ya koma kujerar baya a coci. Mama ta yayyaga ankon ta riƙa sauke tukunya da shi. Har muka binne Baba ba a yanke hukunci ba.

Yau mijina ma direba ne, yana raba lemon kwalba, bai taɓa ganin fuskar mai kamfanin ba. Wata na'ura ce a motar take faɗa wa ofis inda ya tsaya. Kwanan baya ya sassauta murya ya ce min shi da sauran direbobi suna shawarar haɗa kai. Na so in zama irin matan da nake karantawa a littattafai, in riƙe hannunsa in ce ina bayanka, masoyina. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Bari yara su gama makaranta tukuna."

Ya gyaɗa kai, bai yi musu ba. Autarmu ko yaye ta ba a yi ba.