Godiyar Ranar Arba'in

Waɗanda ke nan ran sadakar arba'in ta maigidana su ne liman, da mai gari, da sanƙiran garinmu, da ƙanen mamacin mai fataucin albasa a Konni, da ɗana na fari da ya zo daga Malbaza, inda yake jan kamyon, babbar motar ɗaukar siminti. Saura maƙwabta ne da 'yan cin gumba. Ni ina bayan danga cikin takaba, ba na ganin kowa sai ƙafafu, amma kunnena bai shiga takaba ba.

Ban taɓa zama lakwal, makarantar boko, ba, amma na tsufa ina sauraron maza ta bayan danga, na san kowace magana da mai ita. Huɗuba ta liman ce ran Juma'a, ko tari ba a so cikinta. Shela ta sanƙira ce, baki nasa, magana ta wani. Jawabi shi ne wanda perfe, babban gwamnati na yankinmu, ke yi in ya zo, a tafa a watse. Nasiha kuwa duk wanda ya girme ka yana iya yi maka ita. Godiyar arba'in ce ba a aro. A garinmu, wanda ya miƙe bayan goro ya fito ya ce an gode da sunan gida, shi jama'a sunka shaida mai gida ne, da gandu da rumbuna duka. Ba a sake tada maganar.

Gandun nan ƙanen mijina ke so. Tun ran sadakar uku yake gaya wa mutane wai mai kwana bisa hanya ba ya riƙe gona.

Da liman ya shafa fatiha, sai na ji ƙanen ya yi gyaran murya, ya nemi izinin 'yar nasiha. Anka ba shi. Ya fara daidai, haƙuri da zumunci, duniya ba wurin zama ba. Daga nan ya ce yaran yanzu sai an riƙe musu. Sannan ya shiga ambaton waɗanda sunka taso daga Illela da Bazaga, yana yaba wahalarsu. Nan gabana ya faɗi, don mai nasiha ba ya ambaton baƙi. Ƙofar godiya ke nan. Abu guda ya rage masa, goro ya fito.

Goron kuwa yana gabana cikin ƙwarya, na rufe da faifai na dafe. Sanƙira ya yi kira a fito da sadaka. Matan gida sunka dube ni, na dube su, ba wadda ta motsa. Sanƙira ya sake kira. Ƙanen mijina ya koma kan haƙuri, yana maimaita abin da ya riga ya faɗa, murya na ƙara kaifi. Na ji mai gari na tambaya ko lafiya cikin gida.

Sai ga ɗana ya shigo ganin abin da ya tsare goro. Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban kama sunansa ba, ban taɓa yi masa magana ido da ido ba, sai dai in gaya wa bango shi ya ji. Ga shi da nauyin baki, gaisuwa ma da ƙyar. Ran nan na ɗaga kai na dube shi.

"Kai, ɗauki. Kada ka miƙa ma kowa sai sanƙira, kuma kada ka zamna. Ka ce mun gode, Allah shi maida kowa gida lafiya."

"Inna, Baffa na tsaye yana magana."

"Nasiha yake yi. Abin da ke bayanta naka ne."

Ya ɗauki ƙwaryar. Ya fita. Na bi ƙafafunsa ta ƙasan danga, na ga sun tsaya kusa da na sanƙira. Baffansa ya ce, kawo nan yaro, je ka zamna. Ƙafafun ba su gusa ba. Liman ne ya raba, ya ce nasiha ta isar, Allah shi ba da lada, a saurari ɗan gida.

Abin da ɗana ya faɗa bai ma kai wanda na ba shi ba. Ya ce mun gode, ya tsaya, ya sake cewa mun gode. Sanƙira ya ɗauke ta ya ƙawata, ya kai ta har bakin hanya, ya ce mai gida na godiya. Anka amsa da amin.

Ƙanen mijina bai taɓa gumba ba. Da zai hau babur ya matso jikin danga, ya ce, yadda ni kaɗai zan ji, damina na tafe, za a ga mai noma gandu daga cikin kamyon. Mai takaba ba ta musu da maza. Kuma a raina ban ce ƙarya ya yi ba.

Da safe na sauko da akushin maigidana, na wanke na zuba ɗumame, na ɗauko hauyarsa daga gindin rumbu, na aje su biyun a ƙofar ɗakin ɗana tun bai ɗaure jakarsa ba.