Rigar Malam Isiya Tana Shagona

Da safen nan, wajen ƙarfe tara da rabi, ina tsugune a ƙofar shago ina hura gawayin dutsen guga, Ɗanlami mai cajin waya ya tsallako titi ya tsaya a kaina. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Tela, an harbi Malam Isiya a daji. Ya cika a hanyar asibiti."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce masa, "Wane Isiya?" Alhali Isiya ɗaya na sani, kuma na san yau Asabar ce, ranar da shi da abokansa suka sa za su shiga farauta.

Mun kai shi makwancinsa bayan azahar. Yanzu na idar da la'asar, kuma dole in yi rubutun nan. Akwai maganar da na ji ana yi a maƙabarta, na kuma dawo na tarar an fara tura ta a guruf ɗin 'yan garinmu. Maganar ƙarya ce. Ni kaɗai zan iya gyara ta, kuma gyaran a kaina zai faɗa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Isiya mutumin Furana ne. Da damina manomi, da rani maharbi. Shi ne babba a cikin maharban yankinsu. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, amma in ya shigo Ikara, bencin shagona ne masaukinsa. Ya zauna yana ɓare gyaɗa yana watsa min ɓawo a ƙasa, in na yi magana ya ce, "Share, Sarkin Gobe, ai ka samu aikin da za ka gama yau."

Sunan da ya laƙaba min ke nan. Ni kuma dariya nake yi.

Lokacin da Innarmu ta kwanta ciwo, ko kunu ba ta iya sha, ban san wa ya gaya masa ba. Sai ga shi da cinyar gada a naɗe cikin ganye. Ya miƙa daga zaure ya ce, "A yi wa Inna farfesu, kada a cika yaji." Ruwa ma bai tsaya ya sha ba.

Ranar da mahaifinmu ya rasu, kafin mu isa maƙabarta shi ne a cikin ramin, ƙasa har gira.

Yau wasu ne suka haƙa nasa, ni kuwa ina tsaye kamar baƙo.

To ga maganar da ake yi. Wai Malam Isiya ya tilasta wa abokan farautarsa saka riga mai ruwan lemo, shi kuma ya ƙi sakawa. Wani dattijo a bayana ya ce, "Ya mai da mutane 'yan acaɓa, shi ya shiga da rigar gado." Wani ya ce ai layunsa ya dogara da su. A guruf kuma har wani ya rubuta wai mai wa'azi ne bai yi aiki da wa'azinsa ba.

Haba jama'a! Mutum ko kwana bai yi a kabari ba.

Bari in gaya muku yadda aka yi.

Rani uku da suka wuce ya kawo min hularsa in ɗinke masa. Huda biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya. A wata farautar gayya wani ya hango motsi a cikin sabara ya saki wuta, harsashin ya bi ta saman kansa. Ya zura yatsa a hudar ya ce, "Ka ga tsakanina da lahira, Tela? Faɗin yatsa biyu." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Kun san shigar maharbanmu. Riga ruwan ƙasa, wando ruwan ƙasa, mutum ya shiga ciyawar rani ya ɓace. Haka suka gada, kuma suna alfahari da haka.

Daga baya ya ga masu aikin titi a hanyar Zariya da 'yar rigarsu mai ruwan lemo. Ya ce tun kafin ya hango motarsu ya hango su. Tun daga ranar bai bar maganar ba. Abokansa suka ce nama zai gan su ya gudu. Ya ce musu, "Gada da hanci take aiki, da kunne. Launi bai dame ta ba. Mu ne masu ido, kuma mu ne muke harbin juna."

Suka ce su ba za su saka rigar 'yan acaɓa yara su yi musu dariya ba. Suka ce kuma ina za su sa layunsu? Shekara biyu yana lallashin tsofaffin nan. Sai bana suka yarda, da sharaɗin a ɗinka musu tasu daban, mai aljihun albarushi a waje, da ƙaramin aljihun laya daga ciki.

Shi ya je kasuwar Maƙarfi da kansa ya zaɓo yadin. Ya kawo min da awon mutum takwas a rubuce jikin takardar siminti. Ya ce, "Fara da nasu. Tawa ta zama ta ƙarshe."

Yau sati uku ke nan cif.

Ana haka aka kawo min ankon abokan ango na wani biki a Kudan, kaftani goma sha biyu. Samari ne masu zafin kai, kullum suna ƙofar shagona suna ɗaga murya. Duk telan da ke karanta wannan ya san abin da zan faɗa, kada ma wani ya yi min musu: mai masifa muke fara sallama. Mai haƙuri shi muke turawa baya, don mun san ba zai zage mu ba.

Malam Isiya bai taɓa zagina ba.

Shekaranjiya Alhamis da yamma ya zo a kan mashin ɗinsa. Riga bakwai na gama, na rubuta sunan kowa da biro a cikin wuya. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana zura hannu a aljihu, yana murna kamar kayan sallarsa. Sai ya ce, "Ina tawa?"

Na ce, "Saura kalmasa kawai, Malam."

Ƙarya na yi. Yankawa kawai na yi, allura ba ta taɓa ta ba.

Na ce masa ya ɗauki ɗaya daga cikin bakwai ɗin mana, tunda shi ne babba. Ya dube ni ya ce, "In cire wa? Ni na tara su. Wanda duk na hana, ya samu hujjar da yake nema." Ya ɗaure ledar a bayan mashin. Ya ce huɗu zai aika Paki, don mutanen can ta gabas za su shigo dajin, shi da sauran ukun su shigo ta yamma. Ya ce gobe bayan Juma'a zai kira ni, in ta kammala ya zo ya karɓa.

Yana tayar da mashin ya ce, "Sarkin Gobe, wannan karon ka ji tsoron Allah."

Na ce, "Kada ka damu."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Jiya ya kira. Sau biyu. Ina kan keke ina haɗa wuyan kaftanin wani yaro da ko sunansa ban riƙe ba. Na ga sunansa a fuskar waya, na kifa ta. Na ce a raina in na gama wannan zan ɗinka tasa in kira shi da kaina. Akwai wuta. Akwai zare. Lafiyata ƙalau. Babu abin da ya hana ni.

Kiran nan biyu suna nan a wayata. Ɗazu na buɗe na duba, ɗaya uku da minti goma, ɗaya biyar saura.

Kada kowa ya rubuta min cewa ajali ne. Na sani. Na yi imani da ƙaddara, kuma na san ko riga goma ya saka, in kwanansa ya ƙare ya ƙare. Amma ajalinsa daban, abin da na yi daban, kuma abin da na yi shi za a tambaye ni.

Wanda ya yi harbin, Malam Haladu ne na Paki. Amininsa ne tun suna yara, tare suka koyi ɗana tarko. Shi ya goyo shi a baya daga cikin duhuwa har bakin hanya. Kafin jana'iza na same shi a zauren mai unguwa, yana zaune yana jiran hukuma, don da ƙafarsa ya kai kansa.

Rigar da na ɗinka ce a jikinsa. Kafaɗa da baya duk sun rine, jinin ya bushe ya yi baƙi. An ce ya cire ya ƙi.

Da ya gan ni sai ya kama hannuna. Ya ce karnuka sun taso gada ta faɗa cikin duhuwa, ya ga ciyawa tana motsi, ya ga abu ruwan ƙasa. Ya ce, "Na tsaya na duba, Tela. Wallahi na duba. Ban ga lemo ba. Isiya ya ce mana kowa zai saka. Ban ga lemo ba."

Kun gane abin da ya faru? Da a ce babu wanda ya saka, da Malam Haladu ya yi shakka, ya yi gyaran murya ko ya kira suna kamar yadda suka saba. Amma yau ya shiga daji da yaƙinin cewa duk ɗan Adam da ke cikinsa yana ƙyalli. Mutum bakwai suna ƙyalli. Ɗaya ne kawai ba ya yi, kuma su mutanen Paki ba su sani ba.

Sai ya tambaye ni, "Kai da kake aminin zamansa, me ya sa bai saka ba?"

Na buɗe baki. Zauren cike yake da mutane. Na ce, "Sai haƙuri, Malam."

Abin da na iya faɗa ke nan, Allah Ya yafe min. Na zare hannuna na fita.

Da muka dawo daga maƙabarta na buɗe shago. Rigarsa tana nan a ƙarshen tebur inda na ture ta, ƙyallen gaba biyu da na baya ɗaya, na rubuta Isiya da alli a jiki. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na zauna na ɗinka ta. Har aljihun laya na saka. Na duba agogo da na fara, na duba da na gama.

Minti goma sha bakwai.

Tana rataye yanzu a ƙusa, ina jin kamar in na juya baya wani yana zaune a benci. Na kasa kallonta, na kuma kasa sauke ta.

Don haka ku ji da kyau, musamman ku masu turawa a guruf. Malam Isiya bai ƙi saka riga ba. Bai dogara da laya ba. Bai yaudari kowa ba. Ya ba mutum bakwai nasu, ya bar kansa a ƙarshe, ya kira telansa sau biyu, telan ya kifa waya. Ni ne telan. Wanda ya tura waccan maganar, ya ji tsoron Allah ya tura wannan.

Ku kuma maharbanmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan, don Allah kada ku ce rigar ce ta jawo. Ku saka. Amma kafin a shiga daji a tsaya a ƙirga kowa ido da ido, in mutum ɗaya ba shi da ita a gaya wa kowa, ko a fasa. Kuma kada a saki wuta a kan motsi, sai an ga dabba sarai.

Na fara rubutawa a nan ne don in toshe wa kaina hanyar gudu. Ina ajiye wayar nan zan hau mashin in koma Furana. Zan faɗa a gaban 'yan'uwansa a wajen zaman makoki, a kuma shiga a gaya wa iyalinsa. Daga nan in nemi inda aka kai Malam Haladu in ba shi amsar tambayarsa. Abin da za su ce min ban sani ba. Duk abin da suka ce, sun isa.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Isiya. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya rufa wa iyayenmu asiri, Ka rufa masa. Ka tsaya wa marayunsa, Ka sanyaya zuciyar iyalinsa.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce. Ku saka Malam Haladu a ciki, bawan Allahn nan yana cikin wani hali.

Ni kam ban isa in ce ku saka ni ba tukuna. Sai na fito daga gidan makokin.